Dastagir da Tsohuwar da Ta Jira a Tashar Adilabad

Kafin rana ta fito, Gulam Dastagir ya riga ya yi sallar asuba a masallacin bayan tasha, ya sa kakinsa, ya rataya jakar tikiti, ya tsaya a ƙofar motar da ke tashi daga Adilabad ta hau duwatsu zuwa Salpaguda. Haka muka san shi shekara talatin da ɗoriya. Ƙarshen watan nan zai ajiye jakar, kuma bai kamata mutum irinsa ya tafi shiru ba.

Duk wanda ya taɓa shiga motar ya san yadda take. A tasha Dastagir da Telugu yake kiran fasinja, don shi ne yaren gari, na ofis da makaranta. Ya juya ya tsokani masu sayar da ayaba da Urdu, yaren da ya sha a nono. Dillalan auduga su shigo, ya gaishe su da Marati. Mota na barin kwalta ta fara hawa, sai bakinsa ya sauya. Matan Lambadi masu riguna da madubai su tare hanya da buhunansu, ya yi musu faɗa da yarensu, su rama, mota ta kaure da dariya. Gaba kaɗan yaren Gondi ne. Can ƙarshen hanya, inda Kolamawa ke saƙa kwandunan gora, sai Kolami, wanda shi da kansa yake cewa a nan ne yake ɗingishi.

Direbansa, Rathod Gopya, da suka tsufa tare a hanyar nan, ba ya barinsa ya huta.

"Kai dai bakinka kasuwa ne," in ji Gopya. "Kowa harshe ɗaya aka ba shi, kai ka bi ka kwashe na mutane."

"Kai ɗayan da aka ba ka ma awaki kake zagi da shi a hanya. Ja mota, tsoho, rana na yi."

Ba da wannan baiwa aka haife shi ba. Ɗan birni ne, babansa tela. Shekarar da ya fara aiki, Urdu da Telugu kawai yake ji, yana kuma ganin sun ishe shi. Wata rana wani Bagonde ya shigo da matarsa mai tsohon ciki, ya yi ta maimaita masa wata magana. Dastagir ya gyaɗa kai kamar ya gane, ya sauke su a wata mararraba. Sai daga baya wani fasinja ya ce masa, "Ai ba nan suka ce ba. Gidan ungozoma suke nema, yana can gaba da nisa." Matar ta haihu lafiya, amma sai da ta taka tudun nan da ƙafa cikin rana. Abin ya tsaya masa a rai. Daga ranar ya zama almajirin fasinjojinsa. Ya nuna tulu ya ce, "Me kuke ce wa wannan?" Su faɗa, ya maimaita a karkace, su yi masa dariya har da riƙe ciki, ya sake maimaitawa.

Shi ne ya fara nuna mini wani abu da nake gani kullum ban lura ba. In mota ta taso daga ƙauye, hayaniya kamar gidan biki. Tana hango rumbunan auduga na bakin gari, sai muryoyi su fara mutuwa. Kafin a shiga tasha, dattijon da ɗazu yake yanke hukunci kan rikicin gona ya sunkuyar da kai, ya zama kamar bebe. "Ba wauta ba ce," in ji Dastagir. "Bakinsu ne ba ya ci a nan." Shi ya sa in an sauka ba ya wucewa shan shayi kai tsaye. Sai ya nuna wa wannan hanyar asibiti, ya koya wa wancan abin da zai ce a ofishin filaye, ya haɗa wata da mai keke ya ja masa kunne kada ya zagaya da ita.

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya faru ne wata damina, 'yan shekaru da suka wuce.

Dastagir ya ɗauki hutu ya tafi garin Nirmal, 'yarsa ta haihu. Ranar da ya dawo, Khaja Bi, mai shayi a bakin tasha, ta tare shi tun bai ajiye jaka ba.

"Yaya Dastagir, zo ka ga wata baiwar Allah. Kwana da kwanaki tana zaune jikin ginshiƙin can. In na ba ta shayi da gurasa ta karɓa, amma ko taku ɗaya ba ta matsawa. Masu shara sun ce mahaukaciya ce, ana maganar a kira a ɗauke ta."

"Tana magana?"

"Ita kaɗai take surutunta. Na yi mata Urdu, na yi mata Telugu, wani ya gwada Gondi, kallonmu kawai take yi. Kunnen ma da alama ya yi nauyi."

Ya je. Tsohuwa ce ƙarama, ta ƙudundune cikin zane da ya sha ruwa ya bushe a jikinta, ta rungume wani ƙunshi, idonta na kan ƙofar tasha. Ya tsuguna kusa, ya kasa kunne. Da ya ji abin da take gunaguni, sai ya matsa daidai kunnenta ya ce da Kolami, "Inna, daga ina?"

Khaja Bi ta ce ba za ta manta da fuskar matar ba. Ta zabura, ta cafke hannunsa da hannu biyu kamar wanda ruwa zai tafi da shi, magana ta ɓalle mata. Dole ya riƙa cewa, "Sannu-sannu, Inna, yarenku bai zauna mini sosai ba."

Sunanta Ayyubai. Ƙauyensu na bayan Salpaguda, sai an tsallaka rafi. Ta rako mijinta, Tekam Jaithu, mai fama da tari da ciwon ƙirji. Da suka sauka gwiwoyinta suka ƙi, sai ya zaunar da ita ya ce, "Zauna nan, kada ki tashi. In karɓo magani in dawo mu koma." Shi ne take zaune.

"Ya ce kada in tashi," in ji ta. "In na tashi ya dawo, ina zai same ni? Shi ma ba ya jin maganar mutanen nan."

"'Ya'yanki fa, ba su biyo sawu ba?"

"Rafi ya cika bayanmu. Za su ce muna kwance a asibiti."

Dastagir ya tambayi kamannin mijin. Ta ce yana da zoben tagulla a kunne ɗaya, da tsohon tabon lauje a hannun hagu. Ya roƙi wani abokin aiki ya riƙe masa motar ranar, ya nufi asibiti. Ya bi ɗakunan marasa lafiya gado-gado, babu. Daga ƙarshe wata ma'aikaciyar jinya ta tsaya ta yi tunani, ta ce an taɓa kawo wani tsoho da ya faɗi a bakin titi, ba takarda a jikinsa, ba wanda ya san shi, kuma bai kai yamma ba.

"Na ba shi ruwa, na riƙe masa kai," in ji ta. "Yana ta cewa ayyo, ayyo. Ciwon ya matsa masa ƙwarai."

A Telugu haka mai jin zafi yake cewa, kamar yadda za a ce wayyo. Dastagir ya ce, "'Yar'uwa, ba ciwo yake kira ba. Sunan matarsa Ayyu. Tana tasha tana jiransa." Ma'aikaciyar ta dafe bango, hawaye ya zubo mata.

A ɗakin ajiye gawa ya ga zoben, ya ga tabon. Mai kula da ɗakin ya ce ya zo a kan gaɓa, don washegari za a fitar da gawar a binne tare da waɗanda ba a san danginsu ba. Dastagir ya roƙa a dakata, ya ce mai shi na nan.

Ya sha gaya mana cewa bai taɓa yin tafiya mai nauyi kamar komawarsa tasha a ranar ba. Kolamin da ya iya na mota ne: hau, sauka, jira, matsa, ina za ka, yaya yara. Duk shekarun nan bai taɓa buƙatar kalmar mutuwa ba, don haka bai taɓa tambaya ba. Ya laluba kansa har ya iso, bai samo ta ba.

Ya zauna a ƙasa gabanta. Khaja Bi ta bar tukunyarta ta zo ta tsaya.

"Ka gan shi?" in ji tsohuwar.

"Na gan shi, Inna."

"Ya ci abinci? Ga gurasarsa nan na ajiye masa, ta bushe."

Dastagir ya riƙe hannunta. Ya yi amfani da abin da yake da shi.

"Inna, Baba ya sauka. Ya sauka, ba zai sake hawa ba."

Ta dube shi. Sannan ita da bakinta ta faɗi kalmar, a hankali, da alamar tambaya. Ya gyaɗa kai. A ranar ya koye ta, kuma ya ce da ma bai koya ba.

Da kuka ya lafa, ya gaya mata cewa mijinta bai tafi a wulaƙance ba, an ba shi ruwa, an riƙe masa kai, kuma sunanta ne a bakinsa har ƙarshe. Ta sa ya maimaita mata wannan. Sai a lokacin ta yarda ta tashi daga jikin ginshiƙin, Khaja Bi na riƙe da ita ta gefe ɗaya, shi ta ɗaya gefen.

Shi ya tsaya tsakaninta da likita da ɗan sanda, yana juya Kolami zuwa Telugu, Telugu zuwa Kolami, inda ya maƙale ya haɗa da hannu. Gopya, mai zagin awaki, shi ya je ya samo motar ɗaukar auduga ta wani ɗan'uwansa, ya ce shi zai ja da kansa. Suka kai gawar bakin rafi, tsohuwar na tare da su. Dastagir ya tsaya a gaɓa ya ƙwala kira da yaren mutanen, maza suka fito, suka shiga ruwa har ƙirji suka tsallaka da Jaithu a kafaɗa. An binne shi kusa da iyayensa, da waƙoƙin mutanensa. Babban ɗansa ya jawo Dastagir, Musulmi ɗan birni mai kakin gwamnati, ya tsayar da shi a sahun dangi.

Ayyubai na nan da ranta. Ba ta sake shiga gari ba, ta ce ta gama da shi. Amma duk kaka sai an tare motar a Salpaguda da kwandon gora sabo, cike da dawa ko wake, a ce, "Na ɗan Ayyubai ne." Haka suke kiran Dastagir yanzu. Tun yana ƙi har ya gane ƙin karɓa zafi yake mata.

Bayan wannan bai zauna ba. Ya bi masu shayi da masu shara da masu gadin tasha ɗaya-ɗaya, ya koya musu 'yan kalmomi na Gondi da Kolami: daga ina, wa kake jira, me ke damunka. Wasu suka yi masa dariya, wasu suka koya. Yau in ka ga Khaja Bi ta sunkuya kan wani baƙo tana karya Gondi kamar mai tauna tsakuwa, aikinsa ne.

Dastagir, kai ne kunnen waɗanda gari ya toshe wa baki. Ba a ɗauke ka aiki don wannan ba, ba a ƙara maka girma saboda shi ba, kuma babu takardar da za a ba ka ranar sallama da za ta ambace shi. Tikiti aka ce ka yanka. Kai ka ga cewa wanda ya hau motarka amana ne har ya isa inda za a fahimce shi. Ka yarda a yi maka dariya shekara da shekaru don kada wani ya yi kuka shi kaɗai. Gundumar nan tana da harsuna da yawa, kowa na alfahari da nasa, ana ƙirga su a ce kaza ne a birni kaza ne a ƙauye. Kai ba ka ƙirga ba, ka je ka koyo.

Mun gode, ɗan tela. Mun gode a madadin wanda ka nuna wa hanya bai san sunanka ba, da wanda ka rarrasa da yaren uwarsa a ranar da duniya ta yi masa ƙunci. Allah ya ba ka lafiyar cin hutunka, ya sa jikokinka su same ka da sauran ƙarfi, ya saka maka da abin da mu ba mu iya ba.

Mu kuma da muka rage, 'yan birni musamman, masu ganin wanda bai ji yarenmu ba shi ne da gyara, ba a ce kowa ya iya harshe shida ba. Maƙwabcinka na da nasa, mai kawo maka itace na da nasa, ka tambaye su yadda ake gaisuwa, ka bari su yi maka dariya. In kuma ka ga wani zaune a tasha ya yi shiru, ko yana magana ba ka gane ba, kada ka yi saurin cewa mahaukaci ne. Daga ƙarshen watan nan Dastagir ba zai zo ya tsuguna a gabansa ba. Kai ne a wurin.