Majinyacin Gaske a Filin Atisaye

Talata: daga gida zuwa Yankaba

Ina sallame sallar asuba na ɗauki jakata, gari bai waye ba. Ni ce ke riƙe da asibitin sha-ka-tafi na ƙauyenmu, can gaba da Zakirai, daga ni sai ungozoma sai mai gadi. An kira mu Kano ne domin atisayen da hukumar lafiya za ta yi a Fagge ranar Laraba, a gwada yadda za a yi in annobar mura ta ɓarke, irin wadda ke tsallakowa daga tsuntsaye ta kama mutane ta bi gari gari.

Da atisayen ne kawai da na tafi da raina a kwance. Amma jiya da magariba Ngozi ta kira ni. Ƙawata ce tun ina karatun aikin lafiya, a gidan iyayenta na zauna a Sabon Gari. Tela ce, haifaffiyar Kano, Hausa a bakinta har ta fi ni karya harshe.

"Hajara, ki sauka a wurina," in ji ta. "Obi ba shi da lafiya. Zazzaɓi da tari. Kuma kajinsa suna ta mutuwa tun wancan satin."

Obi mijinta ne, kaji masu rai yake sayarwa a kasuwa. Tun da ta faɗi maganar kajin nan murar tsuntsaye ta faɗo mini a rai.

Ɗan acaɓa ya sauke ni bakin titi, na samu bas mai zuwa Kano. Sai da na zauna na ji kuka a bayana, ashe an cusa kwandon kaji a but. Na zaro takunkumi na ɗaura. Direba ya leƙo ta madubi ya ce, "Hajiya, korona ai ta wuce."

"Ka duba hanya, Malam," na ce. "Ni na san abin da nake gudu."

A shingen da ke kusa da Gezawa aka tsayar da mu, aka leƙa but, aka ga kaji, aka ɗaga mana hannu. Wani dattijo kusa da ni yana ta tari cikin hularsa, ni kuwa na maƙale jikin taga kamar ƙadangaruwa. Da hantsi muka shiga Yankaba.

Talata da rana: Sabon Gari

Adaidaita sahu ta kai ni har ƙofar gidan. Ngozi ta taho za ta rungume ni, na tare ta da hannu, na miƙa mata takunkumi. Ta kalle ni, idonta ya kawo ruwa. Ta ajiye mini shinkafa da miyar ganye, ban iya cin rabi ba.

Obi yana zaune a bakin gado, ƙaton mutum mai barkwanci, amma ranar sai ya huta kafin ya ƙarasa magana. Na tambaye shi wa ya kwashe matattun kajin. Ya ce shi, da hannunsa, ba safa.

"Oga Obi, tashi mu tafi asibiti."

"Malama Hajara, bar maganar nan. In na je za su kulle ni a ɗaki, su rufe layin 'yan kaji. Shekara nawa nake zaune da mutanen nan lafiya, a ce ni na jawo musu?"

Na yi lallashi, na yi faɗa, ya kafe. Na kira jami'in da aka ce mu riƙa kira in mun ga baƙuwar cuta, waya ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Daga baya na ji ashe yana can filin atisaye ana kafa rumfuna. Na buɗe tagogin ɗakin, na sa aka kai yaran gidan ƙanwar Ngozi.

Laraba: Fagge

Da gari ya waye leɓen Obi ya yi toka-toka, numfashinsa sama-sama. Wannan karon bai yi musu ba, ba shi ma da iskar yin musun. Na yi lissafi a raina: yau likitoci, da iskar oksijin, da motar asibiti duk suna fili ɗaya a Fagge, nan kusa da mu. Ina za a kai shi da ya fi can?

Muka tare wani dattijo mai adaidaita, Malam Sani. Ban ɓoye masa ba, na ce mutumin nan wataƙila cutarsa mai yaɗuwa ce. Ya karɓi takunkumi ya ɗaura ya ce, "Ku sa shi, Allah ne mai tsarewa." Muka ratsa ta cikin masu dakon atamfa, muka isa filin wata makaranta. Rumfuna farare a jere, gadaje, silindoji biyu na oksijin an goge su suna ƙyalli, ma'aikata cikin fararen rigunan kariya daga kai har ƙafa. Wallahi da na gani sai da na yi ajiyar zuciya.

A bakin ƙofa akwai wani jami'i da kwalaye masu zare a hannu. Ɗaliban aikin jinya ne aka ɗebo su yi kamar marasa lafiya, wasu su yi kamar danginsu. Kowa a rataya masa kwali a wuya: ja na wanda ya galabaita, rawaya na mai dama-dama.

"Ranka ya daɗe, wannan na gaske ne," na ce. "Ɗan kaji ne, kajinsa sun mutu, ba ya iya numfashi."

Ya yi murmushi. "Yawwa Hajiya, haka ake so. In manyan baƙi sun iso ki ƙara ɗaga murya."

"Ba wasa nake ba, Malam."

"Na gane, na gane. Jan kwali ya ƙare, ga rawaya." Ya rataya wa Obi, ya juya ga na baya.

Gefena wata ɗaliba tana kuka tana cewa a taimaki babanta, kusan kalmomin da na faɗa. A nan na fahimci ramin da muka faɗa. Duk abin da zan ce an riga an ba wani ya haddace.

Aka nuna mana bencin masu rawaya, cike da yaran mutane suna tarin ƙarya suna ƙyalƙyala dariya. Na ja Obi can ƙarshe, nesa da su. Wani mai farar riga ya zo, bai dubi fuskarsa ba, ya ɗaga kwalin ya karanta ya ce, "Wannan zai iya jira." Na bi shi har rumfar masu ja ina magana, ya ce in yi haƙuri, ba a fara ba sai baƙi sun zauna.

Ina juyowa na ga Obi ya sulale daga benci ya zube ƙasa, Ngozi ta riƙe kansa tana kiran sunansa. Yaran nan suka sa tafi. Wani ya ce, "Kai, Baba ya iya!"

Ban san lokacin da na fizge kwalin na tsinke zaren ba. Na cafki hannun wata likita da ke wucewa, na ja ta da ƙarfi, na ɗora tafinta a goshinsa. Ta buɗe baki za ta yi mini faɗa, sai ta fasa. Zafin jikinsa ya ratsa safar hannunta. Ta durƙusa ta ɗaga leɓensa, ta dube ni.

"Tun yaushe?"

"Kwana huɗu. Kuma kajinsa sun mutu."

Ta ɗaga murya ta ce a kawo oksijin. Aka gangaro da silinda, aka sa masa abin shaƙa a fuska, ta murɗa. Shiru. Ta sake murɗawa har ƙarshe, ta kara kunne. Aka kawo ta biyu, ita ma haka. Wanda ya gangaro su ya ce a hankali, "Likita, na nuni ne. Daga sito aka aro su."

Kafin nan magana ta zaga: na gaske ne, ɗan kaji ne. Benci ya watse. Yaran da ke tafi ɗazu suka yi bakin ƙofa kwalaye na lilo a wuyansu, har da wasu masu fararen riguna. Ban ga laifin yaran ba. Motar asibiti tana nan, amma motocin baƙi sun fara isowa sun toshe ta gaba da baya, ana ta neman direbobi.

Laraba da hantsi: Titin Ibrahim Taiwo

Malam Sani bai tafi ba, yana bakin ƙofa. Muka kinkimi Obi, ni da Ngozi da likitar, muka kwantar da shi a kan cinyoyinmu. Ita likitar ta tsaya a bakin adaidaita da ƙafa ɗaya, ta riƙe ƙarfe.

Muna hawa Titin Ibrahim Taiwo muka tarar da cunkoso. Na ji numfashin Obi yana tsayawa yana dawowa a kan hannuna. Ngozi tana addu'a da harshensu, ni ina yi da nawa, Malam Sani yana hon. Sai likitar ta sauka ta shiga gaba a ƙafa cikin farar rigar nan, fuska a rufe, tana ɗaga hannu. Duk wanda ya hango ta sai ya kauce, masu mota suna ɗaga gilashi, masu talla suna tsallaka kwata. Tsoron rigar ne ya buɗe mana hanya.

A babban asibitin da muka je ta riga ta yi waya, aka shigar da shi ta ƙofar gefe. Da aka murɗa tasu silindar na ji ta yi tsiii. Na zauna a ƙasa, a kan siminti, na yi kukan da na riƙe tun Talata.

Alhamis zuwa Litinin: ɗakin ɗinkin Ngozi

Aka ɗebi majinarsa aka tura gwaji, mu kuma aka ce mu killace kanmu. Malam Sani ma ya ajiye adaidaitarsa. Na zauna tsakanin keken ɗinki da tarin yadi, maƙwabciya tana ajiye mana abinci a bakin ƙofa ta ƙwanƙwasa ta gudu. Ko atishawa ɗayanmu ta yi sai mu kalli juna. Na yi ta tuna yaran bencin nan, da mutanen da Obi ya yi ciniki da su, da nawa 'ya'yan a gida. Ma'aikatan lafiyar dabbobi sun je layin 'yan kaji sun yi feshi sun ɗebi nasu gwajin.

Ranar Litinin likitar ta kira. Mura ce irin ta mutane ta sauka masa a huhu, ba ta tsuntsaye ba. An cire masa abin shaƙa, har ya nemi a kawo masa farfesu. Ta ƙara da cewa ta rubuta maganar silindojin a rahotonta, ko da za a ji haushinta. Ngozi ta rungume ni, wannan karon ban hana ta ba.

Talata: komawa gida

Na bi hanyar da na zo, Yankaba, Gezawa, Zakirai. Da la'asar ɗan acaɓa ya shigo da ni gari, na ce ya wuce gidana, ya kai ni asibiti tukuna.

Muna da silinda guda a kusurwar ɗakin haihuwa. Mai gadi yana goge ta duk sati, in masu duba aiki sun zo ita muke fara nuna musu, su gyaɗa kai. Ban taɓa buɗe ta ba, Allah bai kawo dalili ba. Na ajiye jaka, na kama makunnin da hannu biyu na murɗa, na kara kunnena. Ba abin da na ji sai kukan zakaran maƙwabta.

Na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya ya bar wa Ngozi mijinta. Na gode wa Malam Sani, da likitar nan da ban ga fuskarta ba sai idanu. Na shiga gida na ga yara, na ci tuwo. Na kuma gaya wa ɗan acaɓa ya dawo gobe da asuba, ya taho da igiya mai ƙwari, don silindar tana da nauyi.