Abin da Kawu Ya Gani a Hannun Yaya

Jiya ina kakkaɓe ɗaki na ci karo da zabirar Kawu, wan mahaifiyarmu. Har yanzu tana ƙanshin fata da man shanu. Sai na zauna da ita a hannu.

Wanzami ne a nan Gure. Yakan ce, "Baki na ƙarya, fata ba ta yi."

Safiyar da aka tsinci gawar ƙanenmu Ari a garkar dabinonmu, Yaya Mamman na zaune cikin rairayi, hannunsa na hagu jina-jina. Ya ce ɓarayi ne suka auka musu, shi da ƙyar ya sha. Kafin jandarmomi su iso Inna ta ce wa Kawu, "Duba mini yaron nan, kar jininsa ya ƙare."

Kawu ya wanke hannun da ruwan buta. Yanka huɗu ne a jere, marasa zurfi. Ya juya tafin, babu ko ƙwarzane. Ya shafa hannun rigar, bai yage ba.

"Mamman," ya ce a hankali, "wanda aka kawo wa wuƙa, da tafi yake tarewa. Wane ɓarawo ne ya jira ka naɗe riga?"

Yaya ya sunkuyar da kai. Inna ta ɗora hannu a ka.

Ran nan ta rasa ƴaƴa biyu, wanda aka kashe da wanda ya kashe shi, kuma ba ta sake yi wa Kawu magana ba. Shi ma bai ƙara taɓa aska ba har ya rasu.

Allah Ya ji ƙanka, Kawu. Gaskiyar da ta raba ka da kowa, Allah Ya sa ita ce ke taya ka kwana a kabari.