Kujerar Zamfir

Zamfir Tudose wanzami ne a Buzău, kuma duk tsawon mulkin kwaminis abu ɗaya unguwa ta san shi da shi: maganar da aka yi a kujerarsa, nan take mutuwa. Ko lokacin da 'yan sandan ciki suka tafi da ƙanen Haralambie, amininsa, sun tsare Zamfir yini guda suna tambaya, ya ce shi dai gashi ya sani.

Mulki ya faɗi, gidajen talabijin suka yi ta tsirowa. Wasu samari marasa aikin yi suka ƙirƙiro shirin tsokana da ɓoyayyiyar kyamara, wai ban dariya. Da safe biyu daga cikinsu suka faɗo shagon sanye da baƙaƙen rigunan fata irin na 'yan sandan ciki na da, suka rufe ƙofa, suka ce ai sun ji 'yarsa Profira na jiran fasfo. To, wa ke kiwon dabba a benen nan ba izini?

Zamfir ya ɗauka 'yan sandan cikin ne suka dawo, ga fasfon yarinya a hannunsu. Kafin ya ankara bakinsa ya ce Haralambie na da alade a ɗakin ajiya, na Kirsimeti, har ya kwatanta ƙofar. Sai samarin suka tuntsire da dariya, suka nuna masa hujin kyamarar da ke jikin jakarsu, suka ce ya ɗaga wa jama'a hannu. Bawan Allah, ya ɗaga.

Ranar Lahadi ƙasa duka ta gani, har da tafi da kiɗa. Masu shirin ko a jikinsu, sun samu abin da suke nema. Kowa a benen ya san da aladen, rabinsu ma sun sa ran tsiren hanji, amma ba wanda ya yi dariya.

Haralambie ya zo aski kamar kullum, ya zauna, sai da aka goge masa kumfa ya ce:

"Ko mari ba su yi maka ba, Zamfir. To wancan karon fa, da suka tsare ka yini guda?"

Zamfir ya rantse da kabarin uwarsa cewa wancan karon bai tona kowa ba, kuma gaskiya ya faɗa. Haralambie ya gyaɗa kai, ya ɗauki hularsa.

Mutane ba su daina zuwa aski ba, don hannunsa na da kyau. Sai dai har ya tsufa ya rufe shagon, da sun zauna a kujerar sai su ce yau akwai sanyi, su ja bakinsu su yi shiru.