Shinkafar da Inna Ta Kawo Daga Kurfi

A gidanmu na Dutsin-Ma ba wanda ke tsoron tuwon dawa in ya kwana. Da safe a yayyanka shi a tukunya, a zuba ruwa da sauran miya, a bar shi ya tafasa sosai, ɗumame ya samu. Shinkafa ce ba mu san kanta ba, don a shekarun nan sai salla ko biki muke ganinta.

Wata bazara, ba a daɗe da samun mulkin kai ba, uwar maigidana, wadda muke ce wa Inna, ta je suna Kurfi gidan ƙanwarta. Ta dawo a motar kasuwa bayan la'asar, rungume da langa cike da shinkafa da mai. Tun hantsi aka zuba mata, shinkafar ta sha rana a bayan mota. Inna ta ɗora gawayi a kan murfin don kada aljanu su sa baki, ta tura langar ƙarƙashin gadonta.

Ba don kanta ta adana ba. Don 'yata ta fari ce, mai shekara huɗu, wadda ke hannunta tun yaye. Ni kuwa kunyar 'yar fari ta ɗaure mani baki. Ba na kiran sunanta, ba na ɗaukarta gaban mutane, ko faɗuwa ta yi sai in kau da kai har wani ya ɗaga ta. Haka aka rene mu.

A lokacin ina zuwa ajin yaƙi da jahilci na mata a gidan maƙwabta. Malamarmu ta taɓa karanta mana wata takarda a kan tsabta, ta ce dafaffen hatsi in ya daɗe a ajiye cikin zafi cuta ke hayayyafa a ciki, wadda ido ba ya gani. Ta ce shinkafa ta fi saurin lalacewa, in ta wuce lokacinta ko wuta ba ta gyara ta. Na haddace wannan tsaf. Amma wa zan karanta wa?

Washegari da safe na durƙusa a bakin ƙofar Inna na gaishe ta, na ce, "Inna, ga wuta ban kashe ba, ko akwai abin ɗumamawa?"

Ta ce, "Mi? Shinkafar za ki caɓe mani? An ce maki tuwo ce?"

Ta kira yarinyar, "Zo nan ƙawata, zo mu ci abin birni, mu bar su da dawarsu." Ta ɗibar mata loma biyar, ta rufe, ta mayar da gawayinta. Da azahar ma haka.

Na tare maigida a zaure zai koma rumfarsa ta hatsi. Ban iya cewa yarinyar ba, sai na ce, "Malam, abincin nan na ɗakin Inna ya fara juyawa, kuma ana ba yara."

Ya yi dariya. "Yara nawa ne a ɗakin Inna? Ke dai faɗi gaskiya, yawunki ne ya tsinke. Ni in shiga tsakanin Inna da langarta? Rufa mani asiri." Ya sa takalmi ya fita.

Kafin la'asar yarinyar ta fara amai, sai zawo ya biyo. Ina daka a tsakar gida, ina jin kakarinta. Inna ta ce baki ne, wani ya ga jikarta tana cin abin daɗi ya sa mata ido. Ta turara ta, ta ba ta jiƙo. Ni dai na dafa ruwa na dama koko mai ruwa-ruwa, na ajiye a ƙofar ban ce na wa ba ne. Allah ya taimaka yarinyar ta riƙa kurɓa.

Gari ya waye ta yi laushi kamar tsumma, idanu sun faɗa, amma aman ya tsaya. Ina shara sai na ji ƙarar murfin langa. Inna ta fito da ita da yarinyar inuwar bishiyar darbejiya, tana lallashi: "Bakinki ba daɗi ko, ƙawata? Ai mara lafiya abin marmari yake so. Ga sauran nan na rage maki."

Daga inda nake tsaye ina jiyo tsamin. Ta sa hannu ta ɗebo, shinkafar tana yauƙi tsakanin yatsunta. Kwana biyu cur cikin wannan zafi! Na yi tunanin in yi tuntuɓen ƙarya in kifar da langar, amma na san Inna, tsincewa za ta yi ɗaya bayan ɗaya ta ɗauraye, don a wurinta zubar da abinci ya fi komai muni. In kuma na buɗe baki na ce kada a ba ta, kafin azahar unguwa ta ɗauka cewa matar ɗan Inna ta zubar da kunya, ta nuna 'yar fari da yatsa.

Na yar da tsintsiya, na je na durƙusa, na janyo langar gabana, na ce, "Inna, ki yafe ni, tun shekaranjiya raina ke biyawa." Na hau ci. Ni da ko ruwa ban taɓa sha a gabanta ba, na cinye tas, na suɗe, ina haɗiyewa ina riƙe numfashi.

Inna ta saki baki. "La'ilaha! Abincin mara lafiya? Ke 'yar nan, haka ake koya maku a bokon naku?"

Kwana biyu na yi tsakanin tabarma da bayan gida. Inna ce ta yi jinyata, ta dama mani koko, tana fifita tana cewa, "Alhakin yarinya ne ya kama ki, ba komai ba." Maigida ya leƙo ya ce, "Ban faɗa ba? Sannu, sarauniyar kwaɗayi." Ina kwance ina jin su. Haushinsu nake ji, haushin kaina ya fi, wai mace da iliminta na karanta takarda ta rasa dabara sai ta cikinta. A tsakar gida kuwa ina jiyo yarinyar tana bin kaji da gudu.

Har Inna ta koma ga Allah ba ta taɓa cewa shinkafar ce ba. Sunan kwaɗayi kuma ya bi ni har Kurfi, in na je biki sai a ce a ɓoye tukunya ga ta nan. Sai dai tun daga wannan rana, langa ba ta sake shiga ƙarƙashin gado ba. In Inna ta dawo da shinkafa, a tsakar gida take buɗewa, ta kira kowa, ta kalle ni ta gefen ido ta ce, "Ku cinye yanzu-yanzu, kada ta kwana wata ta gani."