Kalmar da Inna Ba Ta Faɗa

Ni ban iya zama wuri ɗaya ba, wannan kowa a garinmu ya sani. Lakwal, wato makarantar boko, ina aji biyu na kolej na bar ta, kuma ba kora ta aka yi ba, benci ne ya ishe ni. Na sayar da esansi, man moto, a kwalba bakin gudurun, babban titi, na yi kabu-kabu da moton wani tsakanin Maijirgi da Tasawa, na zauna wurin tela kwana goma sha na gudu. Yayana shi ne mai natsuwa. Tun rasuwar Baba shi ke riƙe da gona da gidan.

Shekarar da sojoji suka karɓi mulki aka rufe iyakar Najeriya, damina ma ta yi mana rowa. Gero ya fitar da kai, ruwa ya ɗauke. Abin da muka ɗaure bai kai mu tsakiyar rani ba. Yaya ya ɗauki jakarsa ya yi arewa, can hayin hamada, aikin gini. Ya bar Inna, da matarsa da ɗiya biyu, da ni.

Garinmu ba rezo, waya ba ta kamawa, sai ka hau tudu ka ɗaga hannu kamar mai roƙon ruwa. To ran kasuwa nike zuwa Tasawa, waya ta sha rezo, bokal ɗin yaya su shigo, wato saƙon murya. In na dawo da la'asar, kafin in jingine moto tsakar gida ta cika. Kowa da ɗansa a arewa, kowa na son ya ji ko an ambaci nasa. Sai in ɗora wayar bisa turmi in danna.

Da muryar yaya ta fito, Inna ta miƙe. Ko ta tuna akuya ba ta sha ruwa ba, ko tana neman wani faifai da ba wanda ya san da shi. Ɗan fari ne. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. "Wancan" take cewa, in ta matsu ta ce "yayanka". Shi kuma kowane bokal da gaisuwarta shike rufe shi, mutane su amsa mata, ita tana can bayan zana. Na taɓa hango ƙafafunta ta ƙarƙashin zanar, a tsaye cik, ba akuya kusa.

Ana nan wata ɓarna ta faru. Wani maƙwabcinmu da ke arewa ya aiko wa matarsa bokal, shina kiranta da wani suna na shagwaɓa. Aka kai wayar sharji a kasuwa, mai zuba wa mutane waƙoƙi ya kwashe duk abin da ke kan kart ɗin ajiya na wayar, ya zuba wa wasu tare da waƙoƙi. Kafin sati yara na rera sunan a bakin rijiya. Matar ta daina fita ɗibar ruwa. Ga kuma raɗe-raɗin da ake ta yi lokacin, wai duk abin da ka faɗa a waya akwai kunnen da ke ji. Gaskiya ne ko ƙarya ban sani ba, amma mutane sun rage murya.

Labarin ya kai wa yaya. Kasuwa ta gaba sai ga bokal biyu. A na farko ya ce, "Kai, saurara da kyau. Na biyun nan na Inna ne ita kaɗai. Kada ka buɗe, kada ka sa shi gaban mutane, kada ka ba kowa wayar nan sharji. Na san ka."

Ya san ni kuwa. Daga Tasawa zuwa gida sau uku na tsaya na ciro wayar na dube ta. Ban danna ba, amma babban yatsana ya sha wahala.

Na samu Inna ita kaɗai tana saƙar faifai, na miƙa mata wayar da ekutar, igiyar nan ta kunne. Na ce, "Inna, saƙo ne naki, ke kaɗai."

Ba ta ɗago ba. "Daga wa?"

"Kin sani."

"Wayarka ce. Abin da ya shiga wayarka ai ya shiga kasuwa. Kuma kana tsaye a kaina kana kallon fuskata?"

"In ba ki wuri."

"Ka ba ni wuri ka laɓe. Ɗauke abinka."

Sati biyu saƙon na aljihuna. Ban san me ke ciki ba, ko ciwo ne, ko wata shawara, ko kewa ce kawai. Abin da na sani, yaya na jiran amsa, kuma in wayar ta faɗa ruwa ko aka zare ta a kasuwa, shi ke nan.

Akwai wani tsohon mushenmu, malaminmu na lakwal, wanda ya fi kowa ja mini kunne, ya bar koyarwa shina gyaran ordinatar, wato kwamfuta, a zauren gidansa a Tasawa. Na je na zayyana mishi. Ya saurara, ya shiga ciki, ya fito da wani ordinatar na hannu, ekran ɗinsa, gilashin fuskar, a fashe kamar an taka ƙwai.

Na ce, "Mushe, wannan ai gawa ce."

"Makaho ne, ba gawa ba. Kai ma da ka bar lakwal ba a binne ka ba."

Ya soka mishi wata ƴar kile, ƙaramin abin nan na ajiyar bayanai, ya share duk abin da ke ciki ya zuba sabo. Ya ce wannan da ya zuba ba na wani kamfani ba ne. Mutane ne daga ƙasashe daban-daban suka taru suka gina shi, kamar yadda ake gayyar haƙa rijiya, suka bar shi a buɗe, duk wanda ya iya zai leƙa ciki ya ga ba a ɓoye wani kunne ba. Ya ce na'urar za ta zauna gidanmu, ta ba da wifi nata na tsakar gida, ba ruwanta da rezo, ba ruwanta da kowa. Kowane mutum da akwatinsa a ciki, kowane akwati da kod, wato kalmar sirri ta buɗe shi.

"Amma ji nan. In mai akwati ya manta kod, ba ni, ba kai, ba waɗanda suka gina abin. Ya rufu ke nan."

Kwana huɗu na yi ina zuwa zaurensa. Rabon da in natsu wuri ɗaya haka tun ina jariri. Ya sa na rubuta komai a kaye, ya kuma ja mini kunne sau ɗaya, don tuna baya.

Da na kawo shi gida, wurin ajiya ya zama magana. Ɗaki zafi, tsakar gida awaki da yara. Sai na dubi rumbunmu, a tsaye bisa duwatsunsa, ba ko zangarniya ɗaya a ciki, ɓeraye ma sun yi ƙaura. Inuwa, iska na ratsa zana. Na ɗora ƙaramin pano na hasken rana a gefen jinka, na saka ordinatar ɗin da batirin mota a ciki, na ja waya. Na haɗa shi da tsohuwar wayar da yaya ya bari, wadda ba ta da pus, wato layi, ba ta fita gidan.

Matar yaya ta tsaya riƙe da ƙugu tana kallona. Tsakanina da ita kullum tsiya ce. "Sannu, mijina ƙarami. Wasu na cika rumbu da hatsi, kai ka cika mana da ƙarfe. Yau tuwon batir za mu ci?"

"Ke ma zan buɗe miki akwati, ki daina sunkuyar da kai in an sa bokal."

"Wa ya ce ina so?" Amma ba ta tafi ba.

Na zaunar da su biyun a inuwar rumbun. Na ce kowa zai zaɓi kalma ɗaya, ita ce makulli. Na faɗa yadda mushe ya faɗa mini: kalmar da ba za ki taɓa mantawa ba, kuma ba za ki taɓa faɗa wa kowa ba.

Inna ta ce, "Akwai."

"To faɗa mini in rubuta."

"Ka ce wadda ba a faɗa."

"Ni za ki faɗa wa, sau ɗaya."

"Ashe ana faɗa ke nan."

Na juya wurin matar yaya, na ce to ke fara. Ta ja gyale ta rufe baki. "Ni ma akwai. Ni ma ba ta faɗuwa."

Na dube ta, na dubi Inna. Inna ta dubi akuya. Sai matar yaya ta fashe da dariya har tana riƙe ciki, ta ce, "Wannan da ya yi kolej." Sannan na gane. Uwa ba ta kiran ɗan fari, mata ba ta kiran miji. Su biyun kalma ɗaya suka riƙe, sunan yaya, kuma kalmar ce ake ƙwala wa kira a bakin masallaci da filin ƙwallo tun ina yaro.

Na ce, "Inna, wannan kod ɗin ko jakin gidan nan ya san shi."

"Jakin ya taɓa ji a bakina?"

Ba ta sauya ba. Na yi magiya, na kawo misali, ta ce ita wannan ce kalmarta, in ba ta yi ba in kwashe ƙarfena daga rumbu. Matar yaya dai ta haƙura ta zaɓi wata, ta raɗa mini. Inna kuwa sai da muka yi sulhu. Zan nuna mata inda haruffan sunan suke bisa wayar, ta danna da hannunta, ba sai ta furta ba. Bayan sunan kuma ta ƙara wasu dannawa nata, waɗanda ni ban gani ba.

Inna ba ta taɓa riƙe alƙalami ba. Amma macen da ke riƙe lissafin zaren kaba kala uku a ka, tana hira tana saƙa, ba a koya mata wuri sau biyu. Ba ta kira su haruffa ba. Ta ce wannan mai ƙugiya, wannan mai bakin tulu, wannan na can ƙarshen layi. Wahalar ɗaya ce, yatsanta ya yi kanta, gilashin ba ya jin ta sai ta lasa. Kwana uku muna yi da hantsi. Ran na huɗu ta ce, "Juya bayanka."

Na juya ina kallon zana. Na'urar na so a danna sau biyu iri ɗaya. Na ji ta yi tsaki, ta sake, ta sake. Can ta ce, "Ya yi kore."

Na tura saƙon yaya cikin akwatinta, ya rufu. Saura na cikin wayata. Na daɗe ina dubansa. In na bar shi, maganar Inna ta tabbata, shina kasuwa. In na share kuma ta manta abin da ta ƙara, ba mai sake jin shi, sai in koma in ce wa yaya na zubar mishi da magana. Na nuna mata, na ce, "Kin ga, zan share nawa. Naki kaɗai zai rage. Kin riƙe?"

"Share."

Na share.

Sai kuma ta ƙi zuwa. Kwana ɗaya, biyu, biyar. Wayar na rataye a jakar kaba bakin rumbu, tana wuce ta kamar ba ta gan ta ba. Ni kuwa kullum ina cewa yau ta manta ɗaya, gobe ta manta biyu. Na kasa fita kabu-kabu. Matar yaya ta ce in na ci gaba da zagaya rumbun nan za a ce aljanu sun shafe ni.

Ran na shida da safe Inna ta ce, "Abin nan naka shina da wuta?"

"Shina da."

"To ɗaura wa jaki amalanke ka ɗebo ruwa. Ba rijiyar nan ba, ta gabas, ta fi daɗi." Ta dubi matar yaya. "Ke kuma kwashi yaran nan ki kai wa gwaggonku turminta."

Rijiyar gabas tafiya ce mai nisa, kuma ruwanta ɗaya da namu. Na tafi. Ban kori jakin ba, na bar shi ya yi tafiyarsa.

Da na dawo tana bakin murhu tana hura wuta, wayar na cikin jakarta, igiyar kunnen a naɗe tsaf, irin naɗin da ni ban taɓa yi mata ba. Idonta ja, amma itacen ɗanye ne, hayaƙi ya cika wurin. Na sauke jarkoki. Sai da na gama ta ce, ba ta dube ni ba, "Ta ina ake mayar da magana?"

Na nuna mata jan maɓallin. Washegari aka sake aikena rijiyar gabas.

Ran kasuwa ta buɗe akwatin da kanta, ina juye da baya, ta ce in ɗauki abin da ke ciki. Ya shigo wayata. Ban ji ko kalma ba, tsawonsa kaɗai na gani, kuma ni dai ban taɓa jin Inna ta yi magana mai tsawon haka da wani mahaluƙi ba. Ta ce in na je in sawo mata kanwa.

A Tasawa na zauna ƙarƙashin wata bishiyar bedi kusa da tasha, inda rezo ya fi ƙarfi. Saƙon ya yi nauyi, ƴar da'irar na ta juyawa, ta tsaya, ta ci gaba. Fasinja biyu suka zo na ce moto ba lafiya. Da ya wuce, na jira har alama ta nuna an buɗe a can, sannan na share nawa.

Na iso gida, na ajiye mata ƙullin. Na ce, "Inna, ya tafi. Ya isa hannunsa."

"Me ya tafi?"

"Saƙon."

"Ni kanwa na aike ka." Ta kwance ƙullin ta duba, ta ce an cuce ni, rabi ƙasa ce. Sannan ta jawo ƙwaryar furar da ta rufe da sabon faifai, ta tura mini gabana, ta ce in sha tun ba ta yi tsami ba.