Baba Tsaga da Lambar Kusurwar Allo

Kafin ƙararrawar safe ya riga ya buɗe ɗakin kwamfuta, ya share, ya juya wa injuna fanka. Shi kuma ya zauna inda iskar ba ta kaiwa. Malamin lissafi ne a sakandaren da muka gama. Ɗalibai na ce masa Baba Tsaga, yana kuma amsawa.

Sunan ya fito ne daga kusurwar allonsa. Kullum akwai lamba a wurin, ba a goge ta sai an tsaga ta. Akwai lambobin da ba sa rabuwa sai da ɗaya ko da kansu, kamar bakwai da sha uku. Masu taurin kai yake ce musu. Sai ya ninka biyu daga cikinsu, ya rubuta abin da ya fito, ya ce a nemo iyayen. Da casa'in da ɗaya ya fara mana. Wani ya rantse ba ta rabuwa.

"Kai da ita wa ya fi taurin kai?" in ji Baba. "Gwada bakwai, ɗan nema."

Da lambobin suka fi ƙarfin biro, ya koya mana saka kwamfuta aikin. Ita ke zaɓo iyayen ta ninka, ya goge su bai duba ba. "In na san amsar, fuskata za ta tona," ya kan ce.

Ta ƙarshe ta cika layi uku na allo. Tsofaffin injunan suka yi ta gurnani a kanta tun farkon zango. Sai aka sanar cewa ranar da zai yi ritaya za a kwashe su, a fente allon. Bai yi ƙorafi ba. Amma matarsa ta lura ya daina gama abincinsa. Tunda ya fara koyarwa bai taɓa barin lamba a kusurwa ba a tsaga ba.

Wani tsohon ɗalibinsa mai gyaran waya ne ya baza labarin ga tsofaffin ɗalibai. Aikin kamar tankaɗe yake, ana iya rabawa, kowa ya tankaɗe kasonsa a haɗa. Ma'aikaciyar jinya ta karɓi nata. Akawu ya karɓa. Har wanda ya taɓa rantsuwa a kan casa'in da ɗaya ya aro kwamfutar surukinsa.

Ranar ban kwana, shugaban makaranta na tsakiyar jawabi, mai gyaran waya ya leƙo ta taga ya ɗaga yatsu biyu. Baba ya bar kujerar girmamawa, ya ruga wajen allon, hularsa a hannu.

"Ko ranar da na haifa masa ɗan fari bai yi wannan gudun ba," in ji matarsa.

An samo iyayen: lambobi biyu ne, dogaye. Aka fara tafi, ya hana. "Ba a tafi sai an ninka." Ya raba alli, kowa da layinsa, har shugaban makaranta, wanda aka gyara wa kuskure yana dariya. Masu fenti na bakin ƙofa suna jira. Da aka tara, adadin ya zo daidai da na kusurwa, daga farko har ƙarshe. Baba ya goge ta da hannun rigarsa sabuwa, ya ce wa matarsa, "Uwar yara, akwai sauran abinci?"

Baba, kai ne ka koya mana cewa abin da ya ƙi rabuwa yau ba lallai ne ya gagara ba. Kai ne ka yarda ka tsaya tare da mu cikin rashin sani, ba ka ji kunya ba. Mun gode. Allah Ya ƙara lafiya.

Ku malaman da kuka rage, fenti ya bushe. Kusurwar tana nan babu komai. Don Allah wani cikinku ya ɗauki alli.