Abin da Kaka Ta Raɗa Mini

Ni dai tun ina ƙarama bakina ya fi ƙafata sauri. A gidanmu na unguwar Nima, idan aka ji an shara ƙaryar da ta zauna daram, ba a tsayawa bincike, ni ake nema. Yanzu ba da alfahari nake faɗa ba, amma a lokacin, wallahi, ji nake kamar sarauta aka naɗa mini.

Gidan haya ne mai ɗakuna goma sha biyu, a bayan babbar kwatar nan da ta ratsa unguwa. Akwai Kotokoli, akwai Zabarmawa, akwai Dagomba, ga mu. Hausa ce ta haɗa mu, amma irin tamu ta Zango, wadda muke yi wa ciko da yarukan Tuwi da Ga da Turanci duk inda ta gaza. Mutum ɗaya ce a gidan take Hausa ba gauraye, kakata, mahaifiyar babana. Daga wani ƙauye can bayan Maraɗi ta biyo mijinta fataucin goro, ya rasu a nan, ita kuma ba ta sake ganin gida ba. Idan muka ce, “Kaka ya dawo,” sai ta shafa haɓa ta ce, “Oh ni, yaushe na tsiro gemu ban sani ba?”

Koko da ƙosai take sayarwa da safe a bakin titi. Saboda haka kullum bayan la'asar sai a baje wake a manyan faranti, mu jikokinta huɗu mu zauna tsintar tsakuwa. Aiki ne mai cin rai, kuma da ta juya baya muke sulalewa. Don ta ɗaure mu wuri ɗaya ne ta fito da wasan da muke kira wasan raɗa.

Ga yadda ake yi. Kaka za ta ɗauko wata tsohuwar kalma ta garinsu ta faɗa da ƙarfi kowa ya ji. Sai mu huɗun mu je ɗaya bayan ɗaya ta raɗa mana a kunne. Mutum ɗaya take faɗa wa ma'anar gaskiya. Sauran ukun abin da take ce musu kawai shi ne, “Ƙirƙiro taki.” Daga nan kowa ya miƙe ya faɗi tasa ma'anar, fuska a ɗaure. Matan gida, masu wanki da masu tuƙin tuwo, kowace da murfin kwalba a hannu, sai ta ajiye a gaban wanda ta yarda da shi. A ƙarshe Kaka ta ɗaga yatsa ta nuna mai gaskiya. Wanda ya fi tara murafe, ko da gaskiya ko da ƙarya, an ɗauke masa layin famfo na washegari. Wanda ya taɓa tsayuwar layin famfo a Nima a farkon shekarun tamanin ya san wannan ba ƙaramar kyauta ba ce.

Mutanen Katsina da Damagaram za su yi mana dariya in suka ji kalmomin da suke kayar da mu. Ranar da ta ce “ragaya”, ɗan baffana ya rantse ciwon awaki ne, ni na ce matar da ta iya guɗa ce, na ma gwada musu guɗar. Na kwashe murafe bakwai. Ashe igiya ce da ake rataye ƙwaryar nono da ita. “Zunguru” na mayar da shi ɗan sandan sarki, alhali dogon ƙoƙon ƙunshi ne. Duk ranar da gaskiya ta fito, Kaka takan tsaya ta ba da labarin abin, ta kwatanta da hannu inda yake a ɗakin uwarta. A nan ne muryarta take sauyawa, ta yi laushi. Mu kuwa hankalinmu yana kan murafe.

Shekarata goma sha uku lokacin da abin ya faru. Kafin nan an fara ganin 'yan alamu, ba wanda ya haɗa su. Ta zuba gishiri sau biyu a ƙullu. Ta kira babana da sunan wanta da ya rasu tun kafin a haife shi. Aka ce tsufa ne, aka yi dariya.

Ran nan, hannunta cikin wake, ta ce, “Hurgumi.”

Ba wanda ya taɓa ji. Ni ce ta uku a layin raɗa. Da na durƙusa sai ta kama wuyan hannuna, abin da ba ta saba yi ba, ta matso da bakinta. Ina tuna ɗumin numfashinta da ƙanshin goro. Ta faɗa mini ma'anar, ta maimaita, sannan ta ce, “Riƙe da kyau, ƙawata.” Haka take kirana, ƙawata.

Na ji sarai, kuma na gane sarai. Ba zan laɓe da cewa ban ji ba. 'Yar gajeriyar magana ce, ba ta fi kalma uku ko huɗu ba. Abin da ya zo mini a rai shi ne, kai, wannan ai ba daɗi, wa zai ajiye wa wannan murfi? Ga shi washegari Juma'a, ranar da layin famfo yake kaiwa har bakin masallaci. Kafin in koma wurin zamana na riga na dafa tawa.

Da aka zo kaina na miƙe na gyara ɗaurin zane. Na ce hurgumi kunu ne na gero da tsamiya da ɗan barkono, wanda ake dama wa mutumin da ya dawo daga doguwar tafiya. Na ce ba a gaishe shi, ba a tambayarsa labarin hanya, sai ya shanye ya ajiye ƙoƙon, sannan gida ya buɗe baki. Duk matan nan kowace tana da wanda take jira, wani yana Legas, wani yana Kumasi, wani ya tafi Arewa shekara biyar ba labari. Wata Bazabarma ta ce da bakin Zango, “Cale, 'yar uwa, wannan gaskiya ne, na ji shi a jikina.” Murafe goma sha ɗaya, kaf, a gabana.

Ni jira nake Kaka ta tona mini asiri, ta kai mini ranƙwashi, a yi dariya, sannan ta faɗi gaskiyar da bakinta. Ta ɗaga yatsa. Sai yatsan ya tsaya a sama. Ta dubi wannan, ta dubi wancan, leɓɓanta suna motsi ba sauti. Da idonta ya zo kaina na ga abin da ban taɓa gani a fuskarta ba. Tsoro ne, tsoro ƙarara, irin na yaron da ya waiga a kasuwa bai ga uwarsa ba. Ta san ni ta raɗa wa, amma abin da ta raɗa ɗin ya tafi.

Ta nuna ni. Ta ce a hankali, “Haka ne. Kunu ne.”

Aka yi shewa. Ba ta ba da labarin komai ba ranar, ta sunkuya ta ci gaba da tsintar wake. Na ce a raina gobe zan faɗa mata. Gobe ta zo ina barci har hantsi, 'yan uwana suna layin famfo. Na ce jibi. Kunya ta shiga, ga kuma daɗin yabo. Ba a yi wata biyu ba Kaka ta daina wasan, ta ce kalmomin sun gaji.

Ƙaryar kuwa ba ta gaji ba. Da mijin Bazabarmar nan ya dawo daga Legas, sai ga ta da gero da tsamiya tana tambayata ma'auni. Na ba ta ma'auni, ba ko ƙifta ido! Aka tsare bawan Allah a bakin ƙofa, ba sannu ba lale, ya shanye yana zare ido. Daga nan abin ya zama al'adar gida. Ya tsallaka unguwar Maamobi da wata da ta yi aure can. Ita kanta Kaka da hannunta ta dama wa babana da ya dawo daga Tamale. Ina tsaye ina kallo tana jujjuya ludayi, tana ɗan yamutsa goshi kamar mai ƙoƙarin tuna inda ta ajiye makulli. Duk wanda ya tambaya ni ake turo wa, ni kuma in sake zayyanawa, ina ƙara gishiri. Ban san ranar da ta gaskiyar ta fita daga kaina ba. Ban neme ta ba balle in lura ba ta nan.

Bayan shekara shida, ina koyon ɗinki a unguwar Alajo, Kaka ta kwanta ciwo. Ta manta sunayen 'ya'yanta, ta manta Nima, amma Hausarta ta ƙara zurfi har babana ma ba ya gane rabi. Wata safiya ta fara cewa, “Hurgumi. Ina hurgumi?” Innata ta yi murna, ta ce alhamdu lillahi, yau za ta ci wani abu. Ta dama da kyau, ta ba ni na kai.

Kaka ta leƙa ƙoƙon, ta ture shi da bayan hannu. Ta ce, “Me zan yi da kunu? Hurgumi na ce.”

Na fita bayan ɗaki na tsuguna, na rufe ido, na ce bari in ɗauko abin da ta ba ni. Na sami ɗumin numfashin, na sami ƙanshin goron, na sami matsin hannunta. Maganar ce babu. Duk inda na taɓa, kununa nake tararwa.

Kwana uku tana kira, kwana uku ina yawo. Na je wurin masu albasa 'yan Nijar a kasuwa, na bi su rumfa-rumfa. Wani ya ce ko hargowa nake nufi. Wani dattijo Bagobiri ya sa na maimaita sau uku, ya tambayi sunan ƙauyen, ya girgiza kai ya ce, “'Yata, kowane gari da nasa. Wannan sai mutanen can, in akwai saura.” Na je tashar Circle wurin direbobin Arewa. Na je wurin malamin unguwa, ya ce babu ita a littafi. Wanda ya ƙarasa ni wani mai shayi ne a Maamobi. Da na faɗi kalmar sai ya washe baki ya ce, “Ah, hajiya, kunu ne! Na gero da tsamiya, ana ba matafiyi.” Saura kaɗan in kifar masa da tebur. Na tsaya a bakin kwata na yi kuka kamar wata zararriya, mutane suna ratse ni.

Rana ta huɗu da azahar na shiga ɗakinta. Babana ya tafi masallaci, innata tana wanki. Kwanon rufi ya ɗauki zafi, ɗakin yana warin man zafi. Na durƙusa na faɗa mata komai tiryan-tiryan: wasan, murafen, layin famfo, ƙaryar. Na ce, “Kaka, ki yafe mini. Ni ce na canja.”

Ban zaci za ta gane ba. Sai ga idonta ya washe, ta dube ni sosai, karo na farko cikin watanni.

Ta ce, “Ƙawata ce?”

Na ce, “Ni ce, Kaka.”

Ta yi murmushi, har ta yi ajiyar zuciya. Ta ce, “Yawwa. Ai na tuna. Na ji yana zame mini ne, na ce bari in ba mai ƙwaƙwalwar cikinsu ta riƙe mini.” Ba ta ji zancen ƙarya ba, ko kuwa ta ji bai dame ta ba. Abu ɗaya ta kama, cewa mai ajiyarta ta zo. Ta lalubo wuyan hannuna, ta juyar da kai a kan matashi da ƙyar, ta tura ɗankwali baya, ta miƙo mini kunne.

Ta ce, “To, raɗa mini.”

Na sunkuya na kai bakina. Na san in na ƙirƙiro wani abu za ta iya karɓa, ta huta. Ni da ban taɓa rasa ta cewa ba, na nemi ko ƙarya ɗaya, ta ƙi zuwa. Numfashina kawai yake shiga kunnenta. Tana nan ta lumshe ido tana murmushi, tana jira. Can ta ɗan matsa hannuna.

Ta ce, “Ɗaga murya kaɗan, ƙawata. Ban ji ba.”